Hannun Mai-Ɓeraye

Mai-ɓeraye suke ce mata a cibiyar binciken magunguna inda take aiki, ita kuma ta gaji da gyara musu. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, babu taga, jar fitila ce ke ci ko da tsakar rana, don ɓera ya ɗauka dare ya yi ya fito harkarsa. Wata huɗu ta yi a ciki ita kaɗai. Ko mai shara sai dai ya ajiye bokiti a bakin ƙofa ya wuce.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Akwai wata 'yar hanya ta roba da ta rabu biyu. A saki ɓera ya shiga dama ya ci ƙwayar abinci, a ɗauke shi a jira daƙiƙa talatin, a sake sakinsa. In ya riƙe a ransa cewa ya cinye ta dama, sai ya yi hagu, inda wata ƙwayar ke jiransa. In ya manta, ya koma inda babu komai ya yi ta sansana bango. Rabin ɓerayen da ciwon gadon nan da likitoci ke kira Fragile X aka haife su, ciwon da ke sa abu ya zame wa ƙwaƙwalwa nan take. Wasu ana ba su sabon magani, wasu ruwa zalla. Dokar aikin ita ce kada mai gwaji ta san wane ne wane.

Ita kuwa ina za a ɓoye mata masu ciwon? Yayanta mai shekara arba'in ciwonsa ke nan, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu su biyu ne rak a gida. Ta san yadda faɗuwar cokali ke firgita shi. Da ta ɗauki ɓera ta ji jikinsa na ɓari, shi ke nan ta gane. Sai ta riƙe shi a tafin hannu, ta shafa bayansa da ɗan yatsa tana raɗa masa, har ya lafa, sannan ta sake shi. Sati bayan sati masu ɓarin suna ta yin daidai, ita kuma ta ƙwallafa rai a kan maganin nan, ko wata rana zai kai ga Yaya. Ba ta da wanda za ta gaya wa wannan fata.

Ranar da aka buɗe lambobin sirrin da ke nuna abin da aka ba kowane ɓera, Farfesa, shugaban binciken, ya kira ta ofis.

"Zauna, Malama. Masu ciwon duk sun yi ƙoƙari. Masu magani da masu ruwa, babu bambanci ko kaɗan."

"Masu ruwa ma, ranka ya daɗe?"

Ya juyo mata kwamfuta. Hoton kyamarar ɗakin ne: ga ta a jar fitila, ta sunkuya, tana lallashin ɓera kamar jinjiri.

"Wannan fa? Sauran kuwa kama wutsiya kike yi ki ajiye."

"Tsoro suke ji, Farfesa. Na ga kamar..."

"Tsoron ai yana cikin ciwon. Kin cire musu shi da hannunki, yanzu ba mu san ko maganin na aiki ko ba ya yi ba. Wata huɗu sun tafi a banza." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ba mugunta kika yi ba, na sani. Amma wata za ta karɓa. Ke za ki koya mata."

Ta ce to.

Ran Litinin sabuwar ma'aikaciyar ta zo da littafinta da biro.

"Anti, yaya ake ɗaukarsu?"

"Ki kama gindin wutsiya, ki ajiye, ki janye hannu. Kowa iri ɗaya. Ban da magana."

Ta nuna mata da na farko. Yana taɓa robar ya maƙure a kusurwa yana ɓari, ya kasa ko ɗaga kai.

"Wayyo, wannan lafiya kuwa? In ɗan ɗauke shi?"

Mai-ɓeraye ta cusa hannayenta biyu cikin aljihun farar rigarta, ta damƙe su.

"Ƙyale shi," ta ce. "Danna agogo."