Hawan Keken Lahadi

"Wessel ai ranar Lahadi ba keke yake hawa ba, kiwon kunkuru yake fita."

Nienke tana goge tebur a bayansu lokacin da Douwe ya faɗi haka. 'Yan ƙungiyar tseren keke na ƙauyen ne suka tsaya shan kofi a shagon da take aiki, Wessel saurayinta kuwa ya shiga bayi.

"Kai, mugu!" in ji wani.

"Ƙarya na yi? Buɗe wayarka ka duba shafinsa. Ko burodi ya je saye sai ya ɗora mana gudun da ya yi. Na Lahadi fa? Shiru. Kashe na'urar auna gudun yake, kada mu ga abin kunya."

Suka kwashe da dariya. Ta ajiye musu kek ɗin tuffa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

Ita kam ta daɗe tana kallonsu. Ƙattan maza, wasu har da jikoki, sun aske gashin ƙafa, sun matse cikin wando kamar za su fashe, suna tafiya ƙwas-ƙwas a takalman hawa sai ka ce agwagi a kan siminti. Douwe ya sayi keke mara nauyi da kuɗin mota, ga tumbi a gaba ya ninka keken. Su ratsa gonaki tun safe, ba abin da suka gani sai tayar na gabansu. Wai su ne masu yi wa wani dariya.

Amma maganar ta ƙi barinta, don da ita Wessel yake fita ranar Lahadi.

Ranar Lahadi gari ya yi daɗi, sanyi ya ɗaga, itatuwa sun fara toho. Ta fito da tsohon baƙin keken kakarta mai kwando. A bakin ƙofa ta kafa wa hannun Wessel ido. Ya yi mata murmushi, babban yatsansa ya lallaɓa kan 'yar na'urar, hasken na'urar ya ɗauke. Da ma kullum haka yake yi? Ta haɗiye tambayar.

Suka bi gefen magudanar ruwa a hankali, yadda take so. Ta tsaya kallon 'yan tumaki sabbin haihuwa. Shi kuwa sai waige yake.

Can sai ga ƙarar tayoyi daga baya. Kafin ta juya, Wessel ya diro, ya tsuguna, ya ba hanya baya, yana taɓa sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta.

"Wessel!" Douwe ya ƙwala yana haki. "Gawar wa kuke rakawa?"

"Hutun ƙafa nake, mutumina!" Wessel ya mayar, da wata 'yar dariya da ba ta taɓa jin ya yi ba.

Suka wuce fuu, duwawu sama.

Ya miƙe yana goge yatsu a ciyawa, kunnuwansa sun yi ja. Ta dube shi da kyau: hular kwano mai tsini, ƙafafu sumul kamar na jariri. Bambancinsa da su, shi bai yi tumbi ba tukuna.

"Mu tafi?" ya ce.

Ba ta hau ba. Ta riƙe keken gam.

"Wessel, kunyar a gan ka da ni kake ji?"