Layin da Ya Yi Ja

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata Muttaka ya dawo daga wajen malamin da ke duba risalarsa ta kammala digiri, ya cire takalmi, ya kunna kwamfuta, ya jingina da bango yana jiran ta yi masa magana. Makaho ne tun yana shekara tara. Shekara huɗu ke nan a ɗakin nan na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, da zarar na'urar ta tashi sai wata murya ta sanar da shi cewa ga gurbin kalmar sirri. Yau fankar cikinta ta yi ƙugi, ta lafa, bai ji komai ba.

Ƙarfe sha biyu daidai jami'a za ta rufe shafin karɓar risala. Sau biyu ana ɗaga masa ƙafa, kuma an gaya masa babu na uku. In bai tura ba za a soke sunansa, iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ta faɗi, ya koma Zariya da shekara huɗun wahala babu ko takarda ɗaya. Risalar kuwa tana cikin kwamfutar nan, ba ta ko'ina sai nan.

Ya ɗora wayarsa a gaban allon, mai karanta rubutu ta kyamara. Ta karanto masa wasu kalmomi da bai taɓa ji ba a shafin shiga. Nan take ya tuna da Abdulhadi, abokin zamansa, wanda ya ari kwamfutar jiya da la'asar yana cewa, "Kai, fuskar kwamfutar nan taka ta yi muni, bari in sa maka wata mai kyau." Jama'a, ku ji mini ƙarfin hali. Mutum bai ga ta jiya ba, ba zai ga ta gobe ba, amma an yi masa kwalliya. Da sabuwar fuskar ta sauka, na'ura ta tambayi Abdulhadi wace manhaja ce za ta riƙa tsaron ƙofar shiga, tsohuwa ko sabuwa, shi kuma ya danna ya wuce. Tsohuwar tana magana, sabuwar bebiya ce.

Ya kira Abdulhadi, waya a kashe. Tun asuba ya tafi Muzdalifa aikin motocin alhazai, shi da rabin mazan gidan. Ya kira ƙanwarsa a Zariya ta bidiyo, hoto ya daskare, murya ta tsinke. Ya rubuta kalmar sirrinsa a kan shirun nan ya danna, bai san ko ya shiga ba, ko yana waje, ko wani abin ya ɓata.

Amma bai manta hanya ba. Ya danna maɓallai uku ya faɗa baƙin allon da ake ba na'ura umarni da rubutu. Ya sa sunansa da kalmar sirri, ya rubuta umarnin sake zaɓen mai tsaron ƙofa, wayar tana bin sa tana karantawa. Akwati ya fito da layi biyu, wayar ta ce, "gdm3, sddm." Na farkon ne nasa. Sai dai layin da aka tsaya a kai launi ne kawai ke nuna shi, waya kuwa rubutu ta sani, ba ruwanta da launi. Ya yi bisimilla, ya danna kibiya, ya amince, ya sake tayar da na'urar.

Tsohuwar kwamfuta ce, minti bakwai take ɗauka kafin ta farka. Ya zauna yana ƙirga su da bugun zuciyarsa. Fanka ta lafa, ya kasa kunne, shiru. Ya yi kuskure, kuma sha ɗaya da rabi ta gota. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya ce wa mahaifinsa a haƙura da idon yaron. Dama ɗaya ta rage, in ya sake kuskure lokaci ya ƙare.

Ya koma ya fito da akwatin, ya bar shi a buɗe, ya lalubi bango ya fita. Mutum ɗaya ya san yana gidan, Inna Rahmatu, mai haɗa turaren wuta a ɗakin da ke kallon nasu. Ta zo aikin hajji shekara talatin da ɗaya da suka wuce ba ta koma ba, kuma ba ta da ko guntuwar takardar izinin zama. Da hajji ya ƙarato, lokacin da ake bi gida-gida ana bincike, Inna ba ta buɗe wa kowa ƙofa, ko mai gas, ko mai ruwa.

Ya ƙwanƙwasa. Ya ji an kashe rediyo a ciki.

"Inna, ni ne Muttaka."

Ba a buɗe ba. Ya san abin da take tunani, an sha sa maƙwabci ya yi sallama a buɗe, sannan masu bincike su ɓullo ta bayansa.

"Inna, wallahi ni kaɗai ne. Ba komai nake so ba sai idonki, minti ɗaya." Ya manna goshi a jikin ƙofar. "Za su kore ni, Inna. Don Allah."

Ya tsaya har ya fid da rai. Sannan ya ji sakata ta sama, ya ji ta ƙasa, ƙamshin hawi da sandal ya bugo shi.

"Ya waladi, ɗana, ni ban san boko ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba karatu za ki yi ba. Launi kawai."

Ta biyo shi, ta durƙusa gaban allon tana numfashi da ƙyar.

"Layi biyu kike gani a tsakiya?"

"Aiwa, biyu."

"Wanne ne ya bambanta?"

"Na ƙasa ja ne."

Ya danna kibiyar sama sau ɗaya. "Yanzu fa?"

"Jan ya hau sama. Wannan mai lamba uku a wutsiya, ita kam na san ta a jikin mota."

Ya amince, ya sake tayar da na'urar. Sha biyu saura minti sha bakwai. Inna ba ta tafi ba, ta zauna a bakin katifa tana jan carbi, shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar yana jin zafinta. A minti na bakwai muryar ta tashi, irin ta kullum, mai sanyi ba daɗi, ta ce ga gurbin kalmar sirri. Muttaka bai taɓa jin murya mai daɗinta ba.

Sau biyu yana kuskuren harafi. Ya shiga, ya buɗe shafin jami'a, ya zaɓi risala, ya tura. Muryar ta riƙa ƙirga masa, kashi ashirin, kashi sittin, ta tsaya a tamanin da tara har ya ji kamar ya fasa ihu. Sha biyu saura minti uku ta ce an karɓa. Ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka, kukan ƙato, bai ji kunyar Inna ba.

"Khalas, an gama? Sun bar ka ka zauna?" ta tambaya.

"Sun bar ni, Inna. In na ci, ƙila har su ƙara mini shekara uku."

"Da takarda," in ji ta, a hankali. "Ma sha Allah."

Ta miƙe, ya ji gwiwoyinta sun yi ƙara. Ta isa bakin ƙofa ta tsaya cak. Taku uku ne tsakanin ɗakinsa da nata, amma ba ta fita ba.

"Malam Muttaka, kai mai kunne ne," ta ce. "Zo ka saurara mini matakala."

Ya share fuska, ya fito, ya dafa bango, ya riƙe numfashinsa. Ya saurari hawa na ƙasa, da na ƙasa da shi, har ƙofar titi.

"Ba kowa, Inna. Wuce."