Shayin Ban Haƙurin Baffa Jinhe

Saura mako uku bikina Kaka ta aiko Goggo Bilan da saƙo. Ta ce ranar biki ba za ta karɓi kofin shayi daga hannun amaryata ba sai 'ya'yanta maza biyu suna zaune a benci ɗaya a gabanta. Shekararta casa'in da ɗaya, kuma ba ta taɓa faɗin magana ta janye ba. A al'adarmu, idan ta bar amaryar, Peishan, a durƙushe da kofi a hannu gaban dangi, ba a karɓe ta a gidanmu na Rao ba ke nan, kuma iyayenta ba za su manta ba har su mutu.

'Ya'yan nata su ne Baba da ƙanensa, Baffa Jinhe. Shekara shida ba su yi wa juna magana ba, a kan buta.

Baba yana da butocin shayi sama da ɗari da sittin, sun cinye bango biyu na falo da rabin ɗakin da a da nawa ne. Kowace da ganyenta, don yumɓu yana riƙe ƙamshin abin da aka dafa a cikinsa. Akwai wata 'yar ja, ba ta fi ƙwan agwagwa ba, wadda shekara ashirin da takwas ba ta san komai ba sai ganyen dutsen Fenghuang. Da aka kwantar da Baba a asibiti saboda tsakuwar ƙoda, Baffa ya zo tsaron gida, ya yi baƙi, ya dafa musu baƙin ganyen Yunnan a cikinta, irin mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya dawo, ya ɗaga murfi, ya sansana, ya mayar. Tun ranar sunan ƙanensa ya koma "mutumin can". Lokacin ina Holan ina karatun aikin ruwa. Inna ta gaya min a waya, na yi dariya, na ɗauka kafin Sabuwar Shekara an manta.

Na fara da Baffa. Na same shi a shagonsa ƙetaren kogi yana dukan naman shanun da yake sayarwa da sandunan ƙarfe biyu don ya yi laushi, bai tsaya ba har na gama bayani. Ya ce buta buta ce, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa sau uku magana ta ƙare. Amma don tsohuwa, da kuma don kada 'yar mutane ta kunyata, zai zuba wa yayansa shayin ban haƙuri. Ba zai durƙusa ba. Zai miƙa da hannu biyu, ya ce "Yaya, sha shayi", bayan haka ba ƙarin harafi.

Baba ya kwana biyu kafin ya ba ni amsa. Ya yarda, da sharaɗin mutumin can ba zai taɓa butarsa ko ɗaya ba. Baffa ya ce dama wa ya roƙa, zai zo da tasa. Baba ya tambaya ko butar nan tasa mai zanen maciji ce. Na ce ban sani ba. Ya ce ita ce, inji ne ya zuba ta, aka goga mata man takalmi don ta yi sheƙi, kuma ko ƙafarsa ba zai wanke da ruwan cikinta ba. Na kai wa Baffa saƙon bayan na cire maganar ƙafa. Ya ce ai ya san akwai maganar ƙafa.

Sau bakwai na ƙetare gada a babur cikin mako ɗaya. Da aka bar buta aka koma kan ruwa. Baba sai ruwan marmaro da ake kawo masa a jarka daga dutse. Baffa ya ce da ruwan rijiyar lungu uwarsu ta raine su, babu wanda ya mutu. Na ce musu aikina ke nan, na auna duka biyun, bambancin bai kai a yi magana a kai ba. Wannan ne kaɗai abin da suka ba ni amsa iri ɗaya a kansa: kowannensu ya ce ba a tambaye ni ba.

Goggo Bilan ce ta samo mafita. A sayo sabon kwanon tangaran mai murfi, wanda ba ya riƙe warin komai kuma ba na kowa ba ne. Ni zan dafa. Baffa miƙawa kawai zai yi. Duk suka amince, don kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya sha kaye.

Babu wanda ya tambaye ni yaushe rabona da dafa shayi irin na gida. Tun ina ɗan shekara goma sha takwas ne.

Ranar Lahadi da hantsi muka zauna a tsakar gida. Goggo ta zo a matsayin idon Kaka. Baba ya juya kujerarsa yana kallon bango. Baffa ya zo da riga mai guga, ya tsaya kusa da tukunyar fure kamar mai jiran mota. Kofuna uku a kan tire kamar kullum, gawayi ya kama a kurfoti.

Na bar ruwan ya tafasa har murfin butar yana rawa. Na cika kwanon da ganye, na zuba ruwa, na rufe. Da na ɗaga sai gefen ya ƙona min yatsu, na dire, na yarfe hannu, na nemi tsumma. Kafin na sake ɗauka ganyen ya daɗe a ciki. Sannan na yi abin da ko 'yar tallan ayaba a garin nan ba za ta yi ba. Maimakon in riƙa zagaya kofunan uku da zubi ɗaya don su zo daidai, na cika na farko, na koma na biyu, na ƙarasa da na uku. Na farko ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Na uku baƙi ƙirin. Na tsakiya da guntayen ganye suna yawo.

Baffa ya matso, ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. In ya ba yayansa farin, ya raina shi. In ya ba shi baƙin, ya ce masa ya sha ɗaci ke nan. Na ga yana lissafin a fuskarsa.

"Ba zan miƙa wa mutum wannan ba," in ji shi. "Ko wanda ya kashe min kare."

"Baffa, ɗauki ɗaya kawai mu gama."

"Shekara takwas," in ji Baba, da bango yake magana. "Shekara takwas yana karatun ruwa, bai iya tafasa shi ba."

Baffa ya kife kofunan uku a tire, ya ce min in matsa. Na matsa. Ya naɗe hannun riga, ya kwashe ganyen da na kashe ya watsa a gindin fure, sannan ya tsaya yana dube-dube, don gwangwanin ganyen yana gefen Baba. Can sai Baba ya sa yatsa ɗaya ya turo gwangwanin har tsakiyar tebur, idonsa bai bar bango ba.

Aka sa sabon ruwa. Baffa yana fifita gawayi, Baba yana saurare da kunne ɗaya.

"Bilan, gaya masa ruwan ya kusa wucewa."

"Bilan, gaya masa ina da ido."

Goggo ba ta gaya wa kowa komai ba, tana ɓare gyaɗa. Baba ya sake aika ta da cewa ganyen ya yi yawa, a sa manya a sama, gari a ƙasa. Baffa ya aika ta da cewa tun kafin wasu su mallaki buta ta biyu yake wannan aiki. Ya ɗauraye kofunan da ruwan zafi yana juya su da yatsu uku, ya zubar da dahuwar farko, ya kwashe kumfa da murfi. Sannan ya zagaya kofunan da zubi ɗaya, ƙasa-ƙasa, da sauri, ya raba ɗigon ƙarshe ɗai-ɗai. Duka ukun suka zo launi ɗaya.

Ya ɗauki guda da hannu biyu.

"Yaya, sha shayi."

Baba ya juyo da kujera. Ya daɗe yana kallon kofin. Ni kuwa Peishan nake gani a zuciyata a durƙushe, da fuskar mahaifiyarta. Baba ya karɓa, ya kai hanci, ya shanye a kurɓi uku, ya sansana gindin kofin.

"Ka makara da numfashi biyu, Jinhe."

"Harshenka ne ya tsufa."

Baba ya ajiye kofi, ya ce kada kowa ya yi masa wata fassara, ya ɗanɗana ne kawai don ya ga inda kuskuren yake, maganar 'yar jar buta tana nan. Goggo ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. Ta ce ita ba a aiko ta jin dalili ba, ta ga kofi cike, ta gan shi ba komai, abin da za ta kai wa Kaka ke nan.

Da yamma ta bugo waya. Kaka za ta karɓi kofin Peishan. Baba ya ce zai zauna a bencin, amma a bar tazarar tafin hannu a tsakani. Baffa ya ce a bar biyu.

Na ɗauka na huta. Sai dai bayan amarya ta gama nata, ango ne zai dafa wa surukansa, kuma yanzu su biyun sun ga yadda nake yi. Baba yana jirana ƙarfe shida na safe kowace rana don ya koya min. Baffa yana jirana ƙarfe takwas a shago, inda yake fara darasi da tambayar me aka koya min yau, don ya warware. Yatsuna uku sun yi bororo. Jiya Peishan ta kama hannun ta duba, ta ce in daure, mahaifinta ma yana da butoci, kuma ya ji labari.