Littafin da Ya Tsufa a Kwana Uku

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Talata, hadari ya haɗo daga gabas amma ya ƙi zuba, Uzairu ya ajiye kekensa na haya a ƙofar gidan Goggo Jumma a unguwar Shamaki. Goggo hayar littattafai take bayarwa a zaurenta, kuma tun da aka sa dokar hana fita kasuwarta ta buɗe, don mata na kulle gida da wuri, ba abin yi sai karatu. Kowane littafi yana fita yana dawowa, ban da na Uzairu.

Shekara biyu ya yi yana rubuta *Baƙon Laraba* tsakanin fasinja da fasinja. Satin da za a ƙaddamar da shi bam ya tashi a tasha, kowa ya ji tsoron taro, kwalin littattafan ya koma ƙarƙashin gado. Guda ɗaya ne ya samu shiga zauren Goggo, wata biyu ke nan yana nan fes kamar ango.

"Marubuci, ka zo duba marar lafiya?" in ji Goggo.

"Goggo, har yanzu?"

"Ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Ni fa wuri nake nema. In Juma'a ta wuce ba wadda ta ɗauka, Bakari mai tsire ya samu takardar naɗi."

"Haba Goggo, tsire?"

"To ai can ne za a riƙe shi da hannu biyu."

Uzairu ya zauna a benci yana kallon masu zuwa. Sai ya lura ba wadda ke taɓa sabon littafi. Wanda ya fi shan wuya suke zarowa, mai yagaggen bango, su fara karanta abin da waɗanda suka riga su suka rubuta a gefen shafi, sannan su ɗauka.

Da ya koma gida a unguwar Nasarawo ya zaro sabo daga kwali. Kwana biyu yana zaune a kansa a cikin keke. Ya shafa masa man ƙuli-ƙuli, ya lanƙwashe kusurwoyi, ya ɗiga masa shayi. Sannan ya sayi biro biyu. Da shuɗi, da hannun hagu, ya rubuta: "Wallahi nan wurin ya sa ni kuka. Fauziyya Nasarawo." Da ja ya amsa: "Kukan me? Ai Baƙon nan munafuki ne. Ikhlas Hammadu Kafi." Haka 'yan matan nan da ba a taɓa haifa ba suka yi ta sa-in-sa har shafin ƙarshe. A wani wuri ma Ikhlas ta ce marubucin bai san mata ba. Abin ya yi wa Uzairu ciwo ƙwarai, sai da Fauziyya ta rama masa sannan ya iya cin abinci.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya jira Goggo ta shiga sauke tukunya ya musanya littafin da wanda ke zauren. Ta fito, ta ɗauki littafin, ta shinshina.

"Ikon Allah! Bai fita zauren nan ba, ya tsufa a kwana uku."

"Wataƙila ba kya nan aka ɗauka, Goggo."

"Wataƙila." Ta yi ta buɗawa tana karanta faɗan, kafaɗunta na rawa. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya. Daga shafi na arba'in da ɗaya zuwa arba'in da takwas takardun a haɗe suke ta sama, yadda suka fito daga maɗaba'a, ba a taɓa yanka su ba. Uzairu da ya haddace labarinsa bai taɓa buɗe wurin ba. Goggo ta leƙa shafin ƙarshe, ta dawo tsakiya.

"Ɗan nan, ita Fauziyyar aljana ce? A ƙarshe ta ce mutuwar Baƙo a shafi na arba'in da biyar ta hana ta barci. Ta ina ta shiga?"

Uzairu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin keke. Har ya fara jin ƙamshin tsiren Bakari.

Sai ga sallamar Safiyyatu, ma'aikaciyar jinya, wadda ke cinye littafi uku a mako. Goggo ta sauke littafin kan cinyarta a bayan teburi, ta zaro reza daga gwangwanin allura. Tana tambayar aiki da mutanen gida, hannunta na tsaga takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Goggo, akwai sabo?"

"Sabo me za ki yi da shi? Ungo wannan. Wasu 'yan mata biyu sun kusa cin kwalar juna a kansa."

Safiyyatu ta buɗe, ta karanta gefe, ta tuntsire da dariya. "Kai, wannan Ikhlas ba ta da kunya!" Ta jefa shi a jaka ta fita.

Uzairu ya buɗe baki zai yi magana, amma Goggo ta riga ta juya tana mayar da reza cikin gwangwani.

"Matsar min da kekenka daga ƙofa, ka tare wa mutane hanya," in ji ta.