Kulla a Gindin Durumi

Shekara biyu ke nan da na binne saiwar kulla a gindin durumin gidanmu a Kusfa. Da ita kakata Inna Batulu ke daka yaji har ta rasu. A jami'a na karanta cewa tsiro ne marar ganye, wanda ke manne wa saiwar itace yana shan abinci a ƙarƙashin ƙasa.

Wata ran Asabar Kawu Bahago ya kawo magina su shafe tsakar gida da siminti.

"Ihsan, tashi daga nan. Shekara biyu kina shayar da ƙasa! Bokon ke nan?"

"Kawu, tana raye. Ba ta fitowa sai za ta yi fure."

"In ta ruɓe fa?"

Ban sani ba, amma ban tashi ba. Na zauna har la'asar, rana na dukana, magina suka kewaye ni da siminti. Abin da suka bar mini bai fi faɗin tabarma ba.

Da damina ta yi nisa, ƙasar wurin ta tsage. Jan fure guda ya leƙo, ko kara babu. Kawu ya daɗe tsaye a kansa, sannan ya ce a hankali, "Irin ta Inna ce."