Ɗankwali a Kan Ƙusa

"Ba zan kai ta ba, Baffa."

Zinariya ta faɗi haka tana tsaye a ƙofar ɗakin reno, makullai a hannu, wata yarinya 'yar shekara uku mai suna Inno tana riƙe da gefen abayarta. Alhaji Abdulghani, shugaban kwamitin Gidan Zumunta, ya cire tabarau ya dube ta. Tun tana cikin zanen goyo ya san ta, domin shi da ubanta jirgin ruwa ɗaya ya kawo su Jidda daga Sudan.

"Ke 'yar nan, ba shawara nake ba ki ba. An kama uwarta, tana tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, gobe ko jibi a saka ta a jirgi a mayar da ita gida. Ki kai yarinyar wurin hukuma, ki ce tsintar ta aka yi, halas."

"Ba tsintar ta aka yi ba, Baffa. Ajiya aka ba mu."

Gidan Zumunta tsohon sito ne a unguwar Karantina, wanda Hausawa masu takardar zama suka gyara. Samari suna ɗaga ƙarfe a tsakar gida, yara suna ƙwallo bayan la'asar, mata kuma suna hawa saman rufi su motsa jiki inda ba idon namiji. Zinariya ce ta kafa ajin matan da ɗakin renon, bayan ta dawo daga Khartum da shaidar karatun tarbiyyar yara. Ita ce kuma ta kafa ƙusoshin da ke jikin bango. Yawancin iyayen yaran sun zo umra ne suka zauna, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya musu, kuma ba sa son a tambaye su suna. Saboda haka duk wadda ta kawo yaro da safe sai ta rataye ɗankwalinta a ƙusa. In yaro ya yi kuka a ba shi ya shaƙi ƙamshin uwa. Da magariba, wadda ta faɗi kamannin ɗankwali tun daga waje ita ke tafiya da yaro.

Ranar nan duk ƙusoshin sun koma tsirara, ban da ɗaya. Ɗankwalin Rahamatu mai sayar da gyaɗa, uwar Inno, kore mai zanen ganye, da ƙunar garwashi a gefe, yana nan rataye.

"In aka samu ɗiyar mara takarda a hannunmu, rufe gidan nan za a yi," in ji Alhaji. "Yaran sauran fa? Iƙamar ubanki fa? Karatun naki bai koya miki wannan ba?"

"Ya koya mini cewa in Inno ta shiga gidan marayu, wani suna za a ba ta. Uwarta ta nemi wa?"

Alhaji ba mugu ba ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan ne ya fi yi mata zafi. Ya miƙa hannu. Ko yarinyar, ko makullai. Ta saka masa makullai a tafin hannu, ta zare ɗankwalin, ta goya Inno.

A gidansu da ke unguwar Madain Fahd, ubanta bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ƙofa a buɗe take gare ki, ke kaɗai." Uwarta ta cusa mata gurasa da gwangwanin madara a jaka ba tare da ta dube ta ba.

Sai ta koma Karantina, ɗakin Rahamatu, a wani gidan haya na mata zalla. Katifa ɗaya, fanka mai tari, buhun gyaɗa rabi. Ta ɗauki dutse ta kafa ƙusa a bango, ta rataye ɗankwalin.

Matan gidan ba su kore ta ba, ba su kuma karɓe ta ba. "'Yar takarda" suke kiranta. In ta fito tsakar gida hira sai ta mutu, don ba a san abin da mai iƙama ke nema a cikin marasa ita ba. Ranar da ta ce wa Inno "Yalla, ta'ali ki ci abinci," wata ta kwashe da dariya: "Oh, Balarabiyar Karantina! A kawo miki kujera ko?" Zinariya ta ɗaga kai ta wuce. Ba ta iya roƙon a so ta ba, ba ta kuma yi niyyar koyo ba.

Ta koyi suyar gyaɗa dai, bayan ta ƙona tukunya ta ƙona yatsu. Da hantsi, in zafi bai yi tsanani ba, takan hau rufi ta yi motsa jikinta ita kaɗai, ta miƙa hannuwa, ta sunkuya, ta tashi. Inno na bayanta tana kwaikwayo tana faɗuwa. Daga can ana hango rufin Gidan Zumunta. In iskar teku ta juyo, takan kawo muryar Sharifa, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda aka ba ajin, tana ƙirga wa mata irin yadda Zinariya ta koya mata. Sau ɗaya Sharifa ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Habibti, ki ba Baffa haƙuri mana. Kalma ɗaya ce."

"Haƙurin me? Na saci wani abu?"

"Wallahi taurin kanki zai kashe ki."

"To ki zo jana'iza, tunda zumunci ya gagara."

Ba ta sake zuwa ba.

Azumi ya zo ya wuce, Zinariya na buɗe baki tare da yarinyar da ba ta san azumi ba. Inno ta daina tambayar uwarta, amma ba ta barci sai da ɗankwalin a fuska, ko da yake ƙamshin ya daɗe da gushewa. Zinariya ba ta taɓa wanke shi ba. Ba ta kuma bari yarinyar ta kira ta Umma ba. "Anti," take gyara mata kullum. "Ummanki na zuwa."

Bayan aikin Hajji, wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofar ɗakin, ta ce ita ce Zubaidatu, gwaggon Rahamatu. Rahamatu na can gida, an hana ta dawowa. Zubaidatu za ta miƙa kanta ga hukuma tare da jikarta, a mayar da su tare.

Zinariya ta tare ƙofa da jikinta. "Hajiya, wane irin ɗankwali ne?"

"Kore, mai zanen ganye. Rahamatu ta ce akwai ƙuna a gefe, garwashin suya ne ya faɗa masa."

Zinariya ta matsa gefe. Da hannunta ta zare shi daga ƙusa ta ɗaura wa Inno. Yarinyar ta yi kuka har suka fita lungu, tana kiran sunan da aka hana ta kira.

Bayan kwana biyu ta haɗu da Alhaji Abdulghani a bakin Gidan Zumunta. Ana jin ƙarar ƙarfe daga ciki.

"Na ji an zo an ɗauke ta," ya ce. "Alhamdu lillahi. Amma da kin ji magana, da ba ki sha wannan wahala ba."

"Da na ji, Baffa, me za a miƙa wa tsohuwar?"

Ya juya ya dubi ƙofar gidan. Bai ce ta dawo ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta koma ɗakin ta zauna tana kallon ƙusar. Ajiya ta isa ga mai ita. Ita kuwa ta rasa gidan da ta gina, ta rasa ƙawarta, ubanta ba ya amsa gaisuwarta sai da kai, yarinyar da ta yi duk wannan dominta kuma ba za ta tuna sunanta ba.