Ɗangiwa a Zaɓen Tambuwal

A shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai, lokacin da kowane mai tebur a kasuwa ya zama masanin siyasa, Ɗangiwa na Kebbe magana ɗaya ce tak a bakinsa, ita ce gada. Ka gaishe shi, gada. Ka tambaye shi iyali, ya ce lafiya lau, amma da akwai gada da sun fi haka lafiya. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai in ya kama zance ba ya saki sai ka ce za ka kewaya.

Kuma yana da dalilinsa. Sana'arsa jigilar hatsi a kan jakai daga Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal, a hanyar kuwa akwai wani mashigi da ke cika ya batse da damina. Daminar bara ruwa ya tafi masa da jakai biyu har da kayansu, yana tsaye a gaɓa, ba abin da ya iya sai salati. Tun ran nan ya sha alwashin sai ya je Sakkwato ya tsaya gaban manya ya faɗa musu baki da baki cewa mutanen Kebbe na son gada.

To, ina mai jakai ina gaban manya? Ana haka sai ga zaɓe ya zo. Yadda aka tsara shi hawa-hawa ne. Kowane gari ya fid da wakilinsa, wakilan su taru a Tambuwal su fid da mutum ɗaya, shi ne zai tafi Sakkwato a zauna da shi a zaɓi masu zuwa majalisar Kaduna. Ba takarda, ba akwati. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. A Kebbe ba a ko sha rana ba, gari ya zuba bayan Ɗangiwa. Wasu don gadar, wasu kuwa, in gaya maka gaskiya, don ya kai zancen wani wuri kunnuwansu su huta.

Saura Tambuwal. A can akwai wani tela, Maccido, mai keken ɗinki da rediyo, wanda Hausarsa ma ta fara komawa irin ta cikin rediyon. Shi ma yana son tafiya Sakkwato. Bai taɓa cewa ga abin da zai faɗa in ya je ba, amma rigarsa kullum a goge take, kuma ya iya gaisuwa.

Ɗangiwa ya ɗaure goro a ganye ya hau jakinsa ya shiga bin wakilai gari-gari. A Jabo ya sauka wurin Bube, abokin cinikinsa, wanda shi ne wakilin garin. Suka zauna a inuwa suna lissafa mutane da yatsu. Wakilai ashirin da biyar ne, in an cire 'yan takara biyu saura ashirin da uku.

Bube ya ce, "Sha ɗaya naka na, ko shakka babu. Sha ɗaya na tela. Saura mutum guda, kuma ka san ko wa na."

Ɗangiwa ya sunkuyar da kai ya shiga tsinke ciyawa. Ya sani mana! Wakilin Sanyinna ba kowa ba ne illa Malam Attahiru, mahaifin matarsa Tambaya. Shekara goma sha biyar da auren, Ɗangiwa bai taɓa ambaton sunan dattijon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa tsayawa tsaye da takalmi a inda yake ba. Ko a kasuwa ya hango rawaninsa, sai ya tuɓe takalmi ya ratse gefe ya durƙusa. Shi ma Malam bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce mutumin Kebbe.

"Tahi ka roƙe shi," in ji Bube. "Tela ya riga ya tahi, har da hula ya kai mai."

"Ni? In buɗe baki in ce ma Baba shi tsaya bayana? Bube, kana da hankali kuwa?"

"To zauna, gulbi shi cinye sauran jakan."

Wannan maganar ce ta tashe shi. Washegari da hantsi ya isa Sanyinna, ya ɗaure jaki nesa da ƙofar gida, ya tuɓe takalmi ya rarrafa bakin zaure. Malam na kan buzu da littattafai a gabansa, bai ɗago ba. Aka gaisa. Aka sake gaisawa. Ɗangiwa ya tambayi gajiya, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan bana. Maganar da ta kawo shi kuwa, da ta taso sai kunya ta danne ta. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya sake tambayar ruwan bana, Malam ya ce an gode Allah, kamar yadda ya faɗa ɗazu. Ƙato guda, mai ɗaga buhun gero shi kaɗai, ga shi nan yana zufa kamar wanda ya yi noma. Daga ƙarshe ya ajiye goro ya ce, "Baba, na zo gaisuwa na," ya ja da baya ya fita.

Da ya dawo gida Tambaya na tankaɗe a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ka faɗa mai?"

"Mun dai gaisa."

Ta ajiye rariya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maigida, kai da za ka Sakkwato ka yi ma manya magana! Tsoho guda bisa buzu ya gagare ka, ina ga masu alkyabba?"

"Su ba surukaina na ba," ya ce, ya shige ɗaki yana ƙunƙuni.

Ranar zaɓe aka taru a wani fili a Tambuwal, kusa da wata tsohuwar tsamiya. 'Yan kallo sun fi wakilai yawa nesa ba kusa ba. Malamin zaɓe wani siririn saurayi ne da aka aiko daga Sakkwato, Ɗanmaliki, da usur rataye a wuya da takarda a hannu, yana ji da kansa ƙwarai. Ya sa aka kawo toka ya zana da'ira biyu a ƙasa, tsakaninsu kamar taku goma. Sannan ya karanta doka da ƙarfi.

"Ɗan takara shi shiga da'irarshi shi tsaya tsaye, shi ba jama'a baya. Ba waige, don kada wani shi harari wani. Wanda yaf fita da'ira ko yaz zauna kahin in busa usur, ya janye ke nan. Kun jiya?"

Sau uku ya karanta. Ɗangiwa har murmushi ya yi. Tsayuwa? Shi da ke wuni tsaye a kasuwa! In tsayuwa ce zaɓe ai an gama.

Suka shiga, Maccido na gyara hula, Ɗangiwa ya kafe kamar turmi yana kallon katangar da ke gabansa. Ya ji takun mutane a bayansa, ya ji tarin Bube dab da ƙeyarsa, hankalinsa ya ɗan kwanta. Ɗanmaliki ya bi layi yana taɓa kafaɗu.

"Maccido, goma sha ɗaya. Ɗangiwa, goma sha ɗaya. Wa yar rage?"

Jama'a suka shiga waige-waige. Malam Attahiru na zaune a gindin tsamiya da tasbaha a hannu, kamar ba da shi ake ba. Kowa a wurin ya san halin da yake ciki. Ya tsaya bayan mijin ɗiyarsa a bainar jama'a, a ce dattijo ya zubar da kunya. Ya tsaya bayan tela, a ce ya ƙi nasa. Ɗangiwa ba ya ganin komai sai katanga. Ya ce a ransa, shi ke nan, ban roƙa ba, ba ni da bakin ƙorafi.

"Malam," in ji Ɗanmaliki da ladabi, "in ba ka shiga layi ba, ba ni ƙirga ka."

Tsohon ya ci gaba da jan tasbaharsa. Can ya sa tasbaha a aljihu, ya dafa sanda ya miƙe. Ya tako a hankali, ya wuce wutsiyar layin Maccido bai ko dube su ba, ya zo ya tsaya a ƙarshen layin Ɗangiwa. Jama'a suka ɗauki "Allahu akbar!" ƙasa-ƙasa.

Da a nan aka tsaya da an gama lafiya. Amma mutanenmu! Na ƙarshen layin ya waiga ya ga Malam a bayansa, sai ya ji ba daɗi, ya ce, "Haba Malam, ni gabanka? Wuce." Ya matsa. Na gaba da shi ma ya ce subhanallahi, ya matsa. Malam na cewa ku bari, ku bari, su kuwa ina, kowa na gudun a ce shi ne marar tarbiyyar da ya bar malami a baya. Haka suka riƙa miƙa shi gaba ɗaya bayan ɗaya. Har Bube, Bube da ya fi kowa sanin abin da ke nan, ya ja da baya ya ba shi wuri. Kafin Ɗanmaliki ya gama gyara takardarsa, Malam Attahiru na tsaye taku ɗaya daga bayan Ɗangiwa.

Tsoho ya iso wuri, me zai yi in ba abin da ya saba ba? Ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum."

Wallahi Ɗangiwa bai yi shawara da kansa ba. Muryar na shiga kunnensa ƙafafunsa suka zare daga takalmi, ya yi tsalle gefe taku uku, ya zube ƙasa ya dunƙule hannu.

"Wa alaikumus salam. Baba, barka da rana."

Usur na bakin Ɗanmaliki, bai busa ba.

"Kash!" in ji Bube, ya ɗora hannu biyu a ka. Layin Maccido ya kaure da sowa, "Ya fita! Ya zauna! Duka biyun ya yi!" Sai a sannan Ɗangiwa ya dubi ƙasa ya ga toka can, shi nan. Ya yunƙura zai koma, ya tuna in ya koma zai ba Baba baya yana tsaye a kansa, sai ya sake durƙushewa.

Bube ya yi kan malamin zaɓe yana nuna da'ira. "Dubi, takalmanshi na ciki! Ba su fita ba! Ai mutum da takalminshi abu guda na!"

Ɗanmaliki ya dubi takalman, wasu tsofaffin fatu duk sun sha hanya, ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. "Takalmi ba su yi rajista ba," ya ce. Ya juya ga Ɗangiwa, muryarsa ta yi laushi. "Wallahi na ga sha biyu bayanka da idona. Amma sau ukku nik karanta dokar ga, gaban kowa. In na tauye ta yau, gobe ba mai saurare na." Ya busa usur, ya rubuta sunan Maccido.

Aka ɗaga tela sama ana ta shewa, hularsa ta faɗi wani ya tsince. Shi Maccido kansa sai waige yake, kamar wanda aka ba kayan da ba nasa ba. 'Yan kallo suka bi su, wasu na dariya har da hawaye, wasu na cewa ai wannan ɗa ya yi tarbiyya, Allah ya ba mu irinsa. Ɗangiwa na jin su, kuma ba abin da yabon ya ƙara masa sai baƙin ciki. Ba zuwa Sakkwato. Damina za ta zo, mashigi zai cika, ba wanda zai buɗe baki a kansa, kuma ba wani ya kayar da shi ba, da ƙafarsa ya fita.

Fili ya watse, saura Ɗangiwa da Malam, sai Bube can gefe yana ta tsaki. Malam Attahiru bai gusa ba, yana nan tsaye bayan da'irar da ba kowa a cikinta. Ɗangiwa ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya yi magana yana kallon katanga. "Ni da tsufana na taka kunyata gaban mutanen gari ashirin da biyar, na zo bayanka. Kai tsayuwa kaɗai anka ce ka yi."

"Baba, a gafarce ni. Ban iya ba."

"Na gani."

Malam ya gyara tsayuwa. Sannan ya sa bakin sandarsa cikin da'irar ya turo takalman ɗaya bayan ɗaya, har suka taɓa gwiwar surukinsa.

"Ɗangiwa," ya ce.

Ɗangiwa ya ɗago da sauri, don bai taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba. Idanunsa suka cika, ya rasa na murna ne ko na takaici.

"Sa abinka, ƙasa ta yi zafi. Zaɓe na gaba ni ba ni zuwa, sai ka samu ka tsaya."

Ya juya ya nufi inda ya ɗaure godiyar da ya hawo. Ɗangiwa ya ɗauki takalman ya riƙe a hannu, bai sa ba sai da tsohon ya sha kwana.